Takardar shaidar mutuwar aure a Jihar Jigawa

Takardar shaidar mutuwar aure, wadda aka fi sani da takardar shaidar saki, takarda ce da kotu take bayarwa don tabbatar da cewa auren da ke tsakanin wasu mutum biyu ya ƙare. A Jihar Jigawa, kamar sauran jihohin arewacin Najeriya, babu wani ofishi guda ɗaya da ake tara bayanan duk auren da ya mutu. Bayanin yana zama ne a kundin kotun da ta saurari maganar. Idan kuwa maganar ba ta taɓa zuwa gaban alƙali ba, to babu wani kundin hukuma da za a je a buɗe. Saboda haka mai neman kwafi a Babura, Kazaure, Roni ko Gwiwa yakan fara ne da tambayoyi biyu: shin kotu ta taɓa shiga maganar, kuma wace kotu ce.

A wasu ƙasashe tsarin ya bambanta. A Amurka, alal misali, hukuncin raba aure yana ajiye a ofishin magatakardar kotun gundumar da aka yi shari'ar, kuma jihohi da yawa suna da ofishin da ke riƙe taƙaitaccen bayaninsa. Dalili shi ne a can aure ba ya mutuwa sai da hukuncin kotu. A shari'ar Musulunci kuwa miji yana iya sakin matarsa a ɗaka, saki ya auku, ba tare da wata hukuma ta sani ba. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin wahalar da masu neman takardar suke sha.

Tarihin kotunan yankin

Kafin zuwan Turawa, alƙalan da sarakuna suka naɗa su ne ke yanke hukunci a kan aure da saki da gado, bisa mazhabar Malikiyya. Turawan mulkin mallaka sun bar waɗannan kotuna a ƙarƙashin hukumar gargajiya, wato En'e, suka kuma matsa a riƙa rubuta shari'o'i a littafi. A wancan zamani Kazaure masarauta ce mai cin gashin kanta a cikin Lardin Kano, Roni da Gwiwa suna cikinta, ita kuwa Babura gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano.

A shekarar 1967 aka ƙirƙiri Jihar Kano, kuma daga 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, waɗanda jama'a suka riƙa kira eriya kot. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka sa hedikwatarta a Dutse. Babura ta faɗa cikin sabuwar masarautar Ringim tare da Taura da Garki, Kazaure kuma ta ci gaba da riƙe Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kotunan Shari'a suka gaji kotunan yanki.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai neman takarda, domin sakin da aka tabbatar a Babura a 1985 yana ɗauke da sunan kotun yanki ta Jihar Kano, wanda aka yi a 1995 yana ɗauke da sunan kotun yanki ta Jihar Jigawa, na 2005 kuma da sunan kotun Shari'a. Suna ya canza sau biyu, amma sau da yawa kotun ɗaya ce, a gari ɗaya, kuma kotun da ta gaji ta farko ita ce wurin da ya kamata a fara tambaya.

Takardar miji da takardar kotu

A al'adar Hausawa, idan miji ya saki matarsa yakan rubuta mata takarda, har ma akan ce "ya ba ta takardarta" a maimakon a ce ya sake ta. Takardar takan zama 'yar gajeruwa, a fallen littafin makaranta ko wata farar takarda, da boko ko da ajami: sunansa, sunanta, adadin sakin, wani lokaci da kwanan wata, wani lokaci babu. A yanzu wasu ma ta saƙon waya suke aikawa. A fiƙihun Malikiyya rubutu yana aukar da saki: idan mijin ya rubuta yana mai ƙudurta sakin, ya auku tun daga lokacin rubutun, idan kuma ya rubuta yana kokwanto, sai takardar ta isa ga matar.

To amma wannan takarda ba ta hukuma ba ce. Babu kwafinta a ko'ina. Idan ta ɓace, ko ruwa ya jiƙa ta, ko mijin ya karɓe ya yaga, shi ke nan. Kuma ko tana nan, mijin yana iya cewa ba rubutunsa ba ne, ko ya ce saki ɗaya ya rubuta aka ƙara masa, ko ya ce ya mayar da matar kafin ta gama idda. Liman da waliyyai a ƙauye sukan karɓe ta idan za a ɗaura sabon aure, domin sun san mutanen kuma sun san abin da ya faru. Ofishin jakadanci ko banki ko hukumar fansho ba su san kowa ba, hatimi suke nema.

Hanyar mayar da takardar miji ta zama ta hukuma ita ce shigar da ƙarar tabbatar da saki a kotun Shari'a. Yawanci matar ce ke shigarwa, ita da kanta ko tare da waliyyinta. Kotu takan aika wa mijin sammaci. Idan ya zo ya amsa cewa ya yi sakin, alƙali ya tambaye shi adadi da lokaci, ya rubuta, ya tabbatar, sannan ya ba da umarnin a ba matar takardar shaida. Wannan yakan ƙare cikin zama ɗaya ko biyu. Idan ya musa, sai matar ta kawo hujja. Mazhabar Malikiyya tana neman shaidu biyu maza adilai a kan saki. Idan shaida ɗaya ta samu, akan nemi mijin ya rantse cewa bai yi ba. Wannan ne ya sa malamai suke jan hankali a kafa shaidu a lokacin saki da lokacin kome, ko da yake a aikace mutane kaɗan ne ke yi, domin saki yakan zo ne cikin fushi.

Akwai rabuwar da tun asali a kotu ake yin ta, don haka tana da kundi. Ta farko ita ce khul'i, inda mace take fansar kanta, galibi ta hanyar mayar da sadaki ko wani abin da aka daidaita a kai. Ta biyu ita ce wadda alƙali yake raba auren saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ɓacewar miji, ko wani aibi da shari'a ta ambata. A irin waɗannan, neman kwafi ya fi sauƙi, tunda akwai ƙara mai lamba da ranar hukunci.

Sulhun da aka yi a gaban mai unguwa, dagaci, hakimi ko 'yan Hisba yana da daraja, kuma takardar da suka rubuta tana iya zama hujja a gaban alƙali. Amma ba hukuncin kotu ba ce, kuma ba ta maye gurbin takardar shaidar kotu.

Dokar tarayya ta 1992 a kan wajabta rajistar haihuwa da mutuwa da makamantansu ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa alhakin tattara irin waɗannan bayanai, ta kuma tanadi a yi rajistar aure da rabuwar da ba na rajistar gwamnati ba a ƙananan kotuna cikin kwana 60. A aikace ba a cika bin wannan tanadi ba, kuma ofishin hukumar ba wurin da ake zuwa karɓar shaidar saki ba ne.

Abin da ake dubawa a jikin takardar

Takardu iri biyu ake iya samu daga kotu. Akwai takardar shaida, fallen takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kotu, lambar ƙara, sunayen ma'auratan, irin rabuwar, kwanan wata, sa hannun alƙali da hatimi. Akwai kuma kwafin shari'a, wato dukkan abin da aka rubuta tun daga shigar da ƙara har hukunci, da maganganun kowane ɓangare da na shaidu. Don sabon aure ko gyaran bayanai a wani ofishi, ta farko ta wadatar. Don ɗaukaka ƙara, ko rigimar gado, ko ta riƙon 'ya'ya, ta biyu ake bukata.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne irin sakin. Saki ɗaya ko biyu da miji ya yi bayan tarewa na kome ne: yana iya mayar da ita cikin idda ba tare da sabon ɗaurin aure ba, kuma idan ɗayansu ya rasu kafin idda ta cika, ɗayan yana gadonsa. Khul'i ba shi da kome sai da sabon sadaki da sabon ɗauri, haka ma rabuwar da alƙali ya yi saboda cutarwa. Amma wadda ya yi saboda gazawar miji wajen ciyarwa ta kome ce, idan mijin ya samu hali cikin idda. Saki uku kuwa yana haramta ta gare shi har sai ta auri wani aure na gaskiya, ya sadu da ita, sun rabu. Takardar da ta ce kawai "an raba aure" ba tare da bayyana iri da adadi ba tana iya jawo sabuwar shari'a bayan shekaru.

Abu na biyu shi ne kwanan wata, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ranaku uku ne ke iya bayyana: ranar da aka furta sakin, ranar da kotu ta tabbatar, da ranar da aka ba da kwafi. Ta ukun ba ta da wani tasiri a shari'a, amma sau da yawa ita ce ta fi fitowa ɓaro-ɓaro kusa da hatimi, har wani ma'aikaci ya ɗauka ita ce ranar rabuwa. Idda kuwa daga ranar sakin ake ƙirga ta: tsarki uku ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. Malikiyya suna da wata ƙa'ida a nan da mutane da dama ba su sani ba. Idan miji ya zo ya ce ai ya sake ta tun watannin baya, amma babu shaidun da suka tabbatar da wancan lokaci, to matar za ta fara ƙirga idda ne daga ranar da ya yi iƙirarin. Idan akwai shaidu, sai a koma ga ranar da suka shaida. Wata biyu ko uku na bambanci a nan yana iya zama bambanci tsakanin ingantaccen sabon aure da auren da aka ɗaura cikin idda, wanda dole a rushe shi.

Haka abin yake a gado. Macen da mijinta ya rasu tana cikin iddar sakin kome tana cikin magada, kuma za ta koma takaba ta wata huɗu da kwana goma. Wadda ta gama idda ba ta da rabo, sai dai idan a cikin ciwon ajali ya sake ta, domin a Malikiyya wannan tana gado ko da iddarta ta cika. Ba abin mamaki ba ne da yawan masu neman tsofaffin takardun saki ba ma'auratan ba ne, 'ya'yansu ne da ke gaban alƙali a kan rabon gona ko gida.

Abu na uku shi ne rubutun suna. Idan a katin ɗan ƙasa an rubuta suna da sunan uba, a takardar kotu kuma an rubuta laƙabin da aka fi sanin mace da shi a gidan miji, ofisoshi za su ce ba mutum ɗaya ba ne. Gara a gyara tun a ranar karɓa, alƙali yana nan, da a dawo bayan an canza masa wurin aiki.

Gano kotun da ke riƙe da kundin

Kotunan Shari'a na jihar hawa-hawa ne. Akwai ƙananan kotunan Shari'a, akwai manyan kotunan Shari'a da ke karɓar ƙara daga gare su, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wannan kotu ikon sauraron ƙararrakin da aka ɗaukaka da kuma sa ido a kan al'amuran aure da mutuwarsa da riƙon yara da gado na Musulmi. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Idan an ɗaukaka ƙara, hukuncin ƙarshe shi ne abin dogaro, domin kotun sama tana iya soke rabuwar da ta ƙasa ta yi. Wanda ya riƙe takardar ƙaramar kotu alhali an rushe hukuncinta, takardar banza ya riƙe.

Yankin arewa maso yammacin Jigawa wuri ne da iyakoki suka haɗu. Babura tana maƙwabtaka da Ɓaure ta Jihar Katsina da Ɗambatta ta Jihar Kano, kuma ba ta da nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura. Auratayya tsakanin waɗannan garuruwa tsohuwar aba ce. Yarinyar Babura da aka kai ɗaki Ɗambatta, auren ya mutu a can, kundinta yana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Jihar Kano. Wadda aka aurar Ɓaure ko Daura, sai ta nufi kotunan Katsina. Kotun garin haihuwar mutum ba ta iya ba da kwafin abin da ba ita ta yanke ba.

Idan babu wata takarda a hannu, akan bi diddigi ta hanyar mutane: waliyyin da ya raka matar, shaidun da suka tsaya, mai unguwar da aka bi ta hannunsa aka kai sammaci, ko lauya idan an ɗauka. Tsohon rasit na kuɗin ƙara, ko guntun sammaci, yana da matuƙar amfani, domin lambar ƙara tana jikinsa. Lambar takan ƙare da shekarar da aka shigar da ƙarar, kuma da shekara ake jera littattafan kotu. In ba a tuna shekarar ba, akan kimanta ta da wani abin da kowa ya sani, kamar shekarun yaron da ake goyo a lokacin, ko zaɓe, ko sunan alƙalin da ke zaune a garin.

Yadda ake neman kwafi

Ana rubuta takardar roƙo zuwa ga rajistaran kotun. A cikinta ana faɗin sunan mai nema da alaƙarsa da shari'ar, sunayen ma'auratan kamar yadda suke a lokacin, lambar ƙara ko shekarar, abin da ake so (takardar shaida ce ko kwafin shari'a gaba ɗaya), da dalilin nema. Ana haɗawa da katin shaida. Wanda ba ya rubutu, ma'aikatan kotu ko masu rubuta takardu da ke zama a bakin kotuna sukan rubuta masa.

Bayan an samo littafin, sai a kwafe ko a buga, a ƙiyasta kuɗi, wanda yakan danganta da yawan shafuka. Yana da kyau a karɓi rasit na gwamnati a ajiye shi tare da kwafin, kuma ga dalili. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 104, ta fayyace abin da ke sa kwafin takardar hukuma ya zama sahihi, wanda ma'aikatan kotu da lauyoyi ke kira CTC: a biya kuɗin da doka ta yanka, a rubuta a ƙasan kwafin cewa ya yi daidai da na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a buga hatimi idan ofishinsa yana da shi. A shari'ar kamfanin Tabik Investment da bankin Guaranty Trust a 2011, Kotun Ƙoli ta nuna cewa biyan kuɗin yana cikin sharuɗɗan, ba ado ba ne. Ita wannan doka ba ta ɗaure kotunan Musulunci a shari'o'in aure da gado, inda ƙa'idojin fiƙihu ke aiki, amma da zarar takardar ta fita zuwa Babbar Kotun Jiha ko wata ma'aikata, da wannan ma'auni za a auna ta.

Kundayen ƙananan kotuna galibi da Hausa ake rubuta su, da hannu. Idan za a kai wa wata hukuma mai aiki da Turanci, ana neman fassara, kuma fassarar ma tana bukatar shaidar wanda ya yi ta. Ana haɗa ta da kwafin Hausar, ba a rabawa.

Mai ƙaramin ƙarfi da aka yi ta ja wa rai yana iya kai kuka ga sashen da ke duba ƙananan kotuna a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ko ya nemi taimakon Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 kuma take da ofisoshi a jihohi.

Auren rajista

Auren da aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi, hukuncinsa daban ne. Ba alƙalin Shari'a, ba majistare, ba fasto, babu mai iya raba shi sai Babbar Kotun Jiha, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Dalili ɗaya dokar ta amince da shi, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, kuma ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu ko a wasu keɓantattun halaye.

Hukuncin yana zuwa ne hawa biyu. Da farko kotu tana ba da hukuncin wucin gadi, wanda bai kashe auren ba tukuna. Bayan wata 3, idan ba a ɗaukaka ƙara ba kuma an daidaita maganar 'ya'yan da ba su kai shekara 16 ba, sai ya zama na dindindin. Sai a lokacin ne aka halatta wa kowannensu sabon aure. Mutane da yawa suna riƙe da takardar farko suna zaton ita ce ta ƙarshe. Abin da ya kamata a nema a wurin rajistara shi ne takardar shaidar cewa hukuncin ya zama na dindindin, kuma sashe na 59 na dokar ya ba kowa damar neman ta idan ya biya kuɗin.

Wani abin lura shi ne dokar ta ɗauki Najeriya a matsayin yanki ɗaya a wannan fanni. Mazaunin ƙasar yana iya shigar da ƙarar a Babbar Kotun kowace jiha. Ma'auratan da suka zauna a Kazaure suna iya kasancewa an raba su a Kano ko Kaduna ko Legas, don haka rashin samun kundi a Jigawa ba ya nufin ba a raba auren ba.

Wanda ake ba kwafi

Ma'auratan da lauyoyinsu su ne kan gaba. Magada, da wakilin da ya zo da rubutaccen izini, su ma akan saurare su idan sun nuna alaƙarsu. Wanda ba shi da hannu a shari'ar, kamar mai neman auren bazawara da yake son tabbatarwa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya nemi ita matar ko waliyyinta su karɓo. Kwafin shari'ar aure yakan ƙunshi sirrin ɗaki da zarge-zargen da mutane ba sa so a ji, kuma ko Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa.

Idan kundin ya ɓace

Littattafan kotu na takarda ne, kuma gara da yoyon rufi da gobara da sauyin gini duk suna cin su. Idan an duba ba a samu ba, ana roƙon rajistara ya ba da wasiƙa mai cewa an bincika ba a gani ba. Da wannan wasiƙa ana iya shigar da sabuwar ƙarar tabbatarwa, a kira tsohon mijin ko shaidun da suka rage. Idan an taɓa ɗaukaka ƙarar, akwai yiwuwar samun kwafi a kotun sama, tunda ana aika mata da kwafin shari'ar kafin ta zauna.

Takardar rantsuwa da ake yi a gaban kwamishinan rantsuwa tana taimakawa wajen bayyana ɓatan takarda ko bambancin suna. Amma maganar mai rantsuwar ce kawai, ba ta kashe aure kuma ba ta zama hukunci. Sayen takardar jabu daga 'yan tsakiya kuwa laifi ne a dokar hukunta laifuka, kuma yakan tonu cikin sauƙi, domin wasiƙa ɗaya zuwa ga kotun da aka ambata ta isa ta nuna cewa lambar ƙarar ta wasu mutane ce.

Amfani da takardar a wajen Najeriya

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta sauƙaƙa amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe. Saboda haka takardar da za a kai waje takan bi matakai: sahihin kwafi daga kotu, tantancewa a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Kowace ƙasa tana da nata sharuɗɗan, kuma gara a tambaya kafin a kashe kuɗin mota.

Ga mutanen kan iyaka, abin da ya fi faruwa shi ne aure tsakanin Najeriya da Nijar, musamman da garuruwan jihar Damagaram irin su Magarya. Addini ɗaya ne, mazhaba ɗaya, harshe ɗaya, amma tsarin kotu ba ɗaya ba ne. Kotunan Nijar sun gaji tsarin Faransa, da Faransanci suke rubuta takardunsu, kuma sarakunan gargajiya suna da rawar sulhu a maganar aure. Sakin da aka rubuta a can, a can za a nemi kwafinsa, sannan a fassara shi kafin a gabatar a kotun Jigawa.

Tsofaffin kundaye

Masu binciken tarihi da masu bin salsalar dangi sukan nemi kundayen zamanin En'e, waɗanda da yawansu da Larabci aka rubuta. Wasu takardun Lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma suna hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani sashe na kundin majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya wallafa shi a 1994. A irin waɗannan tsofaffin kundaye ba a jera shari'o'i bisa sunayen mutane ba, bisa ranar zama aka rubuta su, kuma sau da yawa sunan mutum ɗaya ne tak da sunan garinsa. Mai neman wata kaka a ciki sai ya san garin da shekarar gwargwado, ya kuma iya karanta rubutun hannun malaman wancan zamani, ko ya tafi da wanda ya iya.